Atamfar da ta iso ranar addu'ar uku

A gidanmu na Hayin Banki, Iya ba ta kashe murhu da wuri. Kakata ce, mahaifiyar babana. Da an idar da Magariba an ci tuwo, sai ta ja kujerarta kusa da garwashi, ta cusa dankali cikin toka, mu jikoki mu zagaye ta. In faɗi gaskiya, rabin zaman don dankalin ne. Da yake na ci sunan marigayi mijinta, Maigida take ce min, kuma ba ta gajiya da tsokanata. Kowace Sallah sai ta ce ba ta taɓa ganin marowacin miji irina ba, ko ɗankwali bai taɓa saya mata ba. Ni kuma in bugi ƙirji in ce ta bari in fara aiki.

Akwai labarin da take ba mu idan Babbar Sallah ta matso. Wai wani mutum ne mai wayon tsiya ya ga rago a kasuwa, fari tas, ya taya, aka ce albarka. Ya yi dariya ya tafi, don ya san gobe zai fi araha. Haka ya riƙa zuwa kullum yana shafa ragon yana komawa. Aka sauko daga Idi, maƙwabta suka yi yanka, shi yana jira. Sai a rana ta huɗu mai ragon ya gaji ya sallama masa a rabin kuɗi. Ya ja abinsa yana taƙama har ƙofar liman, ya ce a yanka masa layya. A nan Iya ke maƙale murya irin ta liman, ta ce, "Malam, kwanakin layya uku ne. Ragonka dai rago ne, amma nama ka saya."

Mukan tuntsire da dariya. Ni har nakan ce ai bai yi asara ba, tunda ya ci nama da araha. Iya ta zungure ni da muciya ta ce, "Kun ji ko? Ku shaida, irin mijin da na samu ke nan."

Shekaru suka ja kafin in samu aiki a wata ma'aikata, na koma Mando da iyalina. Azumin farko bayan na kama aiki, na ƙudura wannan karon zan rufe bakin Iya. Na ga atamfa a wani shagon intanet, shuɗiya mai ganye, irin wadda take so. Kuɗinta yana hannuna. Amma shagon ya rubuta cewa za a yi babban rangwame a goman ƙarshe, kuma a ofis ba mu da hira sai wa ya fi iya farautar araha a waya. Matata ta ce in shiga kasuwa in saya kawai, don tela na daina karɓar ɗinki da azumi ya raba, ga Iya jiki ya yi rauni. Na ce ta bar ni, na san abin da nake yi.

Rangwamen ya zo, na saya, har na nuna wa abokan aiki. Sai kaya suka maƙale a hanya, kullum saƙo ɗaya: suna tafe.

Ranar Sallah na tarar da Iya a bakin gado cikin tsohuwar atamfarta, an goge ta tsaf. Ashe tun farkon azumi ƙanwar babana, Gwaggo Hauwa, ta so yi mata ɗinki, Iya ta hana, ta ce bana na Maigida za ta sa. Na rasa inda zan sa kaina. Na buɗe waya na nuna mata hoton. Ta kawo shi kusa da ido, ta murza gilashin wayar da yatsa kamar yadda take murza yadi a kasuwa.

"Ta yi kyau, Maigida," in ji ta. "In ta iso na sa maka."

Ba ta tsokane ni ba ranar, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo. Bayan kwana biyar ta rasu. Muna zaune a tabarma ranar addu'ar uku, mai babur ya tsaya a ƙofar gida yana tambayar sunana, na sa hannu na karɓi ƙunshin atamfar a gaban masu ta'aziyya.

Da ina yaro na ɗauka labarin ragon a kan rowa yake. Ni ba rowa na yi ba, so na yi a ce na iya saye. Na zaci Iya za ta jira kamar yadda kaya ke jira a shago, alhali ita ce kaɗai a cikin lissafina ba ta da lokaci.

Gwaggo Hauwa ta ce in ba da atamfar sadaka, ladan ya kai wa Iya. Na kai wa wata tsohuwa maƙwabciyar Iya. Ta buɗe ta murza, ta ce wannan ai mai tsada ce, na sha kuɗi. Na ce a'a Baba, da araha na same ta.