Tabon Soda a Hannun Yaya Sailuba

Ranar Talata, 12 ga Afrilu, 1994, ina cikin aji a Wusasa, 'yarki Asabe ta aiko mini cewa Allah ya yi miki rasuwa da hantsi, a ɗakinki na Ƙofar Gayan. A wurin makoki kowa na cewa ke mai haƙuri ce. Yaya Sailuba, rabin gaskiya suka faɗa. Abin da Allah ya ɗora miki kin ɗauka. Wanda mutane suka so ɗora miki kuwa, kin ƙi.

Mun san juna a layin awo a asibiti, muka haihu mako guda, zumunci ya ƙullu. A 1987 aka yi rikicin addinin da ya sa mu mutanen Wusasa muka daina shiga birni. A shekarar ce aka sallami mijinki, Malam Zailani, daga aiki, ɓarin jikinsa ya shanye. Wansa, Alhaji Inuwa, ya yanke shawarar a raba yaranku a gidajen dangi. Kika ce masa, "Yaya Alhaji, ubansu na numfashi, ni ma haka. Ba inda za su."

Sai ga ki a gidanmu, lokacin da ba mai zuwa, don kin ji an nuna mana haɗa sabulu a zumuntar matan coci. Na ce miki kallo kawai na yi, ban taɓa haɗawa ba. Kika ce, "To, Priskila, taso mu lalata tare."

Mun kuwa lalata. Muka jiƙa soda a tukunyarki ta alminiyam, ba mu san ba sa shiri ba. Ta hau tafasa, ta fallatso ta ƙone miki wuyan hannu. Ni na tsaya ina kuka, ke kika tsoma hannun cikin ruwa, kika ɗaure da tsumma, kika ce in miƙo roba da man alayyadi. Muka yi ta juyawa da muciya har kafaɗa ta gaji. Haɗin ya ƙi daskarewa, ya tsaya kamar kunu. Alhaji Inuwa ya leƙo ya ce da wannan za a ci da yara? Ke kuwa kika sake awon soda. Wanda ya kama daga baya, da zare muka yanka shi, muka jera a ƙarƙashin gado ya bushe.

Sai magana ta tashi a unguwa, wai ba a san abin da 'yar Wusasa ta zuba a ciki ba. Ranar da mata suka cika gidanku don wani bikin suna, kika fito da sabulun, kika wanke autanki da shi a gabansu tun daga ka har ƙafa. Sannan kika zaunar da ni a tabarmarki, muka ci tuwo kwano ɗaya. Daga ranar magana ta mutu. Da sabulun nan kika yi jinyar Malam har ya koma ga Ubangijinsa, kuma ba ɗanki ko ɗaya da ya kwana a gidan wani.

Na ji tun ba a yi sadakar uku ba ana cewa a kwashe robobi da durom a sayar, yara su bi dangi. Masu faɗin haka su saurara. Asabe ta ce mini, "Inna Priskila, ana gama addu'ar bakwai zan jiƙa soda." Ni zan riƙe mata muciya, kuma ta ƙofar gida zan shigo, da rana tsaka.

Allah ya jiƙan ki, Yaya Sailuba, ya gafarta miki, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da Aljannar da kika yi ta roƙo. Ina miƙa ta'aziyya ga Asabe, Kabir, Aƙilu da Nasidi, da dukan dangi, har da Alhaji Inuwa. Allah ya ba ku haƙuri, ya kuma bar ku a ɗakin uwarku.

Priskila Yona, Wusasa