Gahawar Da Na Ajiye A Kan Kilishi

Edita, ina gaishe ka tare da masu karatu. Akwai abin da ya same ni lokacin da nake ɗalibi a nan Makka, na daɗe ina riƙe da shi a ciki. Ni ba mai yawan magana ba ne, hannuna ya fi bakina ƙarfin hali, shi ya sa na zaɓi in rubuto.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun tarihi. A unguwar Hindawiyya aka haife ni. Mahaifina ya zo aikin Hajji daga Kano tun yana saurayi, ya zauna yana ɗinki, ya rasu ina ƙarami, Inna ce ta riƙe mu da wankau a gidajen mutane. Ba mu da jinsiyya, wato ba 'yan ƙasa ba ne mu a takarda, da iƙama, takardar izinin zama, muke zaune. Karatun nawa ma gurbi ne na baƙi aka ba ni, wanda laifi ɗaya ya isa a karɓe shi. Saboda haka na saba da raɓewa. A aji ba na ɗaga hannu ko da na san amsa. Idan Inna ta kira ni a waya ina cikin jami'a, sai na fita waje na duba hagu da dama kafin in amsa mata da Hausa. Wurin da kawai nake sakewa shi ne ɗakin karatu, a wata kujera kusa da taga, inda nake jera littattafaina daga babba zuwa ƙarami.

A wannan kujerar abin ya faru. Wani ɗalibi, ɗan wani babban gida na Larabawan gari, ya shigo da abokansa suna neman wurin zama tare. Bai yi min sallama ba, ya ƙwanƙwasa teburin ya ce in tashi. Na ce masa a hankali akwai kujeru a can gaba. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya kira ni da kalmar da ake kiran bawa da ita, ya ce tun yaushe bayi suka fara zaɓar wurin zama, in je in nemi tsintsiya. Abokansa suka yi dariya. Na ƙanƙame littafina. Ya fizge kujerar ta baya, na tafi zan faɗi, gwiwar hannuna ta daki hancinsa, jini ya zubo a farar rigarsa. Kafin a tashi daga karatu ya shigar da ƙara cewa na far masa da duka, abokansa suka tsaya masa shaida. Aka sanar da ni cewa kwamitin ladabtarwa zai zauna a kaina. Na san ma'anar wannan: in aka tabbatar da laifin, gurbina ya tafi, wahalar Inna ta shekaru ta tashi a banza.

Inna ta ce babu inda za mu sai wurin Baba. Haka duk Hausawan unguwarmu ke kiran wani dattijo da ke shugabantar mu. Kakansa ya zo ne da ƙafa ta Sudan, su sun samu jinsiyya tun da daɗewa, yana da shagunan turare da darduma a unguwar Jarwal. In an kama wani kan iƙama, shi ke zuwa. In an yi rasuwa takardun gawa suka maƙale, shi ke zuwa. A shekarar nan ya tsaya takarar majalisar baladiyya, wato majalisar birni, hotonsa na manne a bangon kowane lungu namu. Sai dai yawancinmu ba mu da ƙuri'a, don haka dole ya jingina da manyan gidajen gari, kuma mahaifin yaron nan yana cikin waɗanda suka yi masa alkawarin mutanensu.

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Da na durƙusa gaban Baba ya ce in faɗa masa abin da ya faru, sai na ce saɓani muka samu kan kujera, hannuna ya buge shi bisa kuskure. Ban faɗi kalmar da ya kira ni da ita ba. Na kasa furta ta a gaban mai furfura, kamar ni ne na aikata abin kunyar. Baba ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaye ni ko shi ke nan. Na ce shi ke nan. Bai ƙara tambaya ba, ya ɗauki waya ya kira mahaifin yaron. Da ya gama ya ce an dace, mutumin mai sauƙin kai ne, za a janye ƙara idan dattawanmu suka taka har gidansa, ni kuma na sumbaci kan ɗansa a gaban jama'a na ba shi haƙuri. Na ce na yarda. Inna ta goge min farar jallabiyata da kanta, tana cewa sumbatar kai ba ta rage wa mutum tsawo, in yi in karɓi shahadata ta kammala karatu mu huta.

Bayan La'asar muka tafi, Baba cikin alkyabbarsa mai zare-zaren zinare, da wasu dattawa, a motar wani tsohon direban tasi da muke kira Kawu. Kawu ba ya iya shiru. Ya dube ni ta madubi ya ce malamin littafi, in na zo sumbatar kan in yi a hankali, yaran gidajen nan man gashi suke zubawa kamar za a soya su, kada in dawo wa Inna da leɓe yana ƙyalli. Dattawa suka yi dariya.

Mai gidan ya tarbe mu da fara'a a wani majalisi mai faɗi, kilishi mai laushi shimfiɗe a ƙasa, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Ya rungumi Baba, ya ce ai su Takari, wato mu baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka, mutanen kirki ne, masu biyayya, shi kansa wata baƙar mace ce ta raine shi a gidan kakarsa. Baba ya yi murmushi. Sai mai gidan ya umarci ɗansa ya zuba wa baƙi gahawa.

Ga wanda bai san ƙasar nan ba, gahawa tana da ƙa'ida, kuma ni na san ta daga littafi da kuma kallo, don mai shiru yana ganin abubuwa da yawa. Ana zuba wa baƙo kaɗan ne a gindin finjali, a miƙa masa da hannun dama, alamar ana so ya daɗe ana ƙara masa. In aka cika finjali har baki, ma'anarsa sha ka tashi, ba a maraba da kai. Sannan in baƙo ya ajiye finjalinsa a ƙasa bai sha ba, to yana da buƙata, kuma wajibi ne mai gida ya tambaye shi. Gahawa ta huce a gaban baƙo abin kunya ne da ake daɗewa ana ba da labarinsa.

Yaron ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana zuba musu yadda ya kamata. Da ya zo kaina, ya cika finjalin har yana tumbatsa, ya miƙo min da hagu, yana wani ɗan murmushi da ni kaɗai nake gani, don ya ba mahaifinsa baya. Gahawar ta zubo ta ƙona min yatsu. Na zo ne da niyyar in sunkuyar da kai, wallahi ban shirya komai ba. Amma na ga cewa in na sha wannan, na kuma sumbaci kansa, to na sa hannu kenan a kan sunan da ya kira ni. Na miƙa hannu na ajiye finjalin a kan kilishi.

Finjalin bai yi ƙara ba, amma kowa ya gani. Mai gidan ya haɗe gira, ya ce ya ɗana, me ya hana ka shan gahawarmu. Na amsa da Larabcin littafi, don shi na fi iyawa in na tsorata. Na ce ina da buƙata ɗaya. Na zo in sumbaci kan ɗansa kuma zan yi, amma kafin nan ina roƙon ya maimaita a gaban waɗannan dattawa sunan da ya kira ni da shi, da irin muryar da ya kira ni a ɗakin karatu.

Baba, wanda finjalinsa ya kusa kaiwa baki, ya juyo gare ni. Tun tasowata ban taɓa jin ya yi Hausa a zaman Larabawa ba, amma ran nan da Hausa ya tambaye ni: “Ɗana, me ya kira ka?” Na faɗa masa, har da maganar tsintsiyar. Ya daɗe yana kallon finjalin da ke hannunsa. Sannan ya sunkuya ya ajiye shi kusa da nawa. Sauran dattawan suka bi shi. Kawu, wanda ya riga ya shanye nasa, ya kife finjalin yana gunaguni da Hausa cewa da ana iya dawo da abin da aka haɗiye da ya dawo musu da kayansu.

Mai gidan ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa. Ya ce maganar yara ce, kalma ce da ke bakin kowa, ba ta nufin komai. Ya kuma rage murya ya tuna wa Baba cewa akwai abin da ke tsakaninsu wanda ya fi wannan girma, zaɓe ya matso. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce in ba ta nufin komai, to yaron ya faɗe ta mana, ga mu nan zaune, duk launinmu ɗaya da wannan maraya. Ya ce kakansa yana kwance a maƙabarta ɗaya da kakan mai gidan, ƙasa ɗaya ta rufe su, ba a ware wa kowa gefe ba. Ya ce ya nemi kujera ne don ya yi magana a madadin waɗanda ba a jin muryarsu, in kuwa da kan marayan nan zai saye ta, ranar da ya zauna a kanta ba shi da sauran abin faɗa. Ya tattara alkyabbarsa zai miƙe.

Mai gidan ya dubi finjalan da ke jere a kilishinsa suna hucewa, ya dubi ɗansa. Yaron ya sunkuyar da kai, wannan ya isa amsa. Sai mai gidan ya ce mu sha gahawarmu, an janye ƙara, babu sumbatar kai. Baba ya ce saura abu ɗaya: a zubar da na marayan nan, a zuba masa sabo kamar yadda ake zuba wa baƙo. Yaron ya ɗauki finjalina, ya dawo da wani, ya zuba kaɗan a gindi, ya miƙo da dama. Na karɓa na sha. Ɗaci gare ta, amma ban taɓa shan abin da ya sauka min a rai kamar ta ba.

Muka shiga mota muka kama hanyar unguwa. Na fara ba Baba haƙuri kan ɓoye masa da na yi, ya ɗaga min hannu. Ya ce tun ranar da na durƙusa a gabansa ya san akwai abin da na rage, ya ga alama a idona, bai sake tambaya ba ne don ba ya son ya ji amsar da za ta ɓata masa lissafi. Ya ce ni ne zan yafe masa. Dattijo mai jikoki, a gaban mutane, yana neman gafarar ɗalibi. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ba zan ɓoye abin da ya biyo baya ba. Gidan nan sun janye mutanensu, Baba ya faɗi zaɓe. Wasu a unguwarmu sun daina amsa gaisuwata na ɗan lokaci, suna cewa da na haɗiye fushina da yanzu muna da namu a majalisa, da an gyara mana magudanar ruwa da fitilun lungu. Ban ce ba su da hujja ba, har yau in na ga ruwa kwance a ƙofar gidanmu nakan tuna. Yaron kuma bai taɓa ba ni haƙuri da bakinsa ba. Amma na gama karatuna, Inna ta riƙe shahadata tana kuka, kuma tun daga ranar nake amsa wayarta da Hausa ko a gaban wa nake. Yanzu ina koyar da yaran unguwa. In na bi ta shagon Baba a Jarwal, yakan nuna ni ga abokan cinikinsa ya ce ga wanda ya cinye masa kujera, sannan ya zaunar da ni.

Abin da na koya shi nake so in bar wa 'yan'uwana matasa, musamman mu da muka tashi a ƙasar da launinmu ke riga sunanmu shiga ɗaki. In aka ci mutuncinka, kada kunya ta sa ka rage labarin. Kunyar ta wanda ya faɗa ce, ba taka ba. Da na faɗi gaskiya tun farko, da Baba ya samu lokacin neman wata hanya, wataƙila da bai rasa komai ba. Ku kuma shugabanninmu, da kuka samu takarda da dukiya da hanyar shiga inda ba ma shiga, in yaro ya zo gabanku ya ce shi ke nan alhali idonsa na cewa akwai saura, ku sake tambaya, ko da amsar za ta yi muku tsada. Mun san kuna da abin da za ku rasa. Baba ya rasa kujera, amma babu gidan Bahaushe a Hindawiyya da ba a miƙe masa in ya shigo. Kuma duk sanda na zauna a shagonsa, ba ya barin yaran shago su taɓa butar gahawa. Da kansa yake zuba min, kaɗan a gindin finjali, ya miƙo da dama.