Kofi uku, mutum bakwai

Jiya ina gyaran ɗakin ajiya na ci karo da wani tsohon gilashi, sai na tuna baya.

A shekarun saba'in ina koyarwa a Kazage, ruwan tafki ya sa wa matata Ladi kurkunu. Na haɗa akwati mai murfin gilashi don tsabtace ruwan tafkin, rana ta gasa ruwan, tururinsa ya gangaro tas, amma rabin kofi a yini. Na shafa baƙin fenti a ciki, na rage zurfin ruwan, ya kai kofi uku.

Na kai mata da murna. Ta ce, "Malam, mu bakwai ne a gidan nan. Wa zai koma tafki?"

Yara ta ba ruwan, ita ta ci gaba da shan na tafki. Shekara ta zagayo, ƙafarta ta shanye.

Ku wa za ku ba?