Abin da Malam Fatihu Ke Yi a Kan Tudu

Shekara uku ke nan da na fara jin maganar, a bakin wani mai facin taya kusa da tashar motocin Isa, a nan Sabon Birni. Ya ce Malam Fatihu, malamin dabbobi, yana hawa tudun da ke bayan maƙabarta kowace Talata da hantsi, waya a hannu, littafi a cinya, yana magana ƙasa-ƙasa da wanda ba a gani, yana rubutu. Bai ƙara komai ba, kuma a ƙasarmu ta yau ba sai an ƙara ba. Mutumin da ya san hanyar kowace ruga, yana jin Fulatanci, yana kuma keɓewa da waya, suna ɗaya ake ba shi: infoman 'yan bindiga. Na ce wa mai facin ya kula da tayarsa. Ban yarda ba a ranar, ban kuma taɓa yarda ba. Sai dai rashin yardar tawa bai amfane shi da komai ba, kuma dalilin wannan rubutu ke nan.

Allah ya karɓi ran Malam Fatihu ranar Laraba, goma sha uku ga Sha'aban, wadda ta yi daidai da sha biyu ga Fabrairun 2025. Ya dawo daga duba wata tunkiya, ya yi alwalar Azahar, ya faɗi a ƙofar gidansa. Hawan jini, in ji masu sani. Shekararsa hamsin da shida. Na Allah muke, kuma wurinsa kowa ya nufa, na gaba da na baya. An yi masa salla bayan La'asar, sahu uku. Na ƙirga, domin ƙirga ta zama mini ɗabi'a tun ina magatakardan kotu. Mahaifinsa, wanda bai yi wa garin nan rabin abin da ɗan ya yi ba, sahu goma sha ɗaya ya samu.

Fatihu, bari in fara da abin da kowa ya sani ya manta.

Kai ne mutumin da ke ba dabba haƙuri kafin ya soka mata allura. Na gani da idona. Za ka dafa wuyan bijimi ka ce, "Yi haƙuri, malam, ba da ƙeta ba na." Masu shanu suna dariya, kai ko a jikinka. Shekarar da ciwon huhu ya shiga shanu a yankin Kamarawa, kwana tara ka yi ba ka ga gida ba, ka dawo babur ɗinka ba birki, wandonka ba a cewa komai. Akwai wata gwauruwa a unguwarmu mai akuya ɗaya tal, wadda haihuwa ta zo mata a karkace. Ka durƙusa cikin turke da rigar Juma'a, ka fitar da 'ya'ya biyu da rai. Da matar ta rasa abin godiya sai ta raɗa wa bunsurun sunanka. Ka ce ba ka ƙi ba, da sharaɗin kada a yanka shi a gabanka.

Ni ma ina da jaki a lokacin, tsoho mai ra'ayi. Ka duba haƙoransa, ka dubi nawa, ka ce, "Baba Yari, ɗayanku za ya riga ɗaya, amma ban iya cewa wane." Jakin ya riga ni. Kai ma ka riga ni, abin da ba ya cikin lissafin kowa.

Sai shekarar 2021. Ƙaninka Hussaini yana da buhunan wake da zai kai kasuwar Bafarawa. Ya tambaye ka labarin hanya, saboda kai ne mai yawon daji. Ka ce ka bi ta jiya, lafiya lau. Ya tafi. Da yamma aka kawo shi a bayan mota tare da mutum huɗu.

Daga nan muka rasa ka, kana raye. Ka daina zuwa ciyayya, wato cin tuwon da mu maza shida na layinmu muke haɗuwa mu yi a ƙofar gidana bayan Magariba, kowa da kwanonsa, tun kafin a haifi 'yarka ta fari. Jakar magungunanka ta yi wata huɗu a rataye. In an zo neman ka, sai maiɗakinka Habi ta ce kana barci, alhali idonka biyu, kana kallon rufin ɗaki. Muka ce zafin rashi ne, zai wuce. Aka yi rubutu, aka yi tofi, aka yi sadaka. Duk alheri ne, ba na raina ko ɗaya. Amma ba ka tashi ba.

Abin da ya biyo baya ban san shi ba sai ranar addu'ar bakwai. Habi ta sa aka kira ni zaure. Tana daga bayan labule, ta turo mini littattafan rubutu guda huɗu, irin na 'yan makaranta, ɗaure da igiyar ɗaure ƙafar tunkiya.

"Baba," ta ce, "an wanke jikinai, saura sunanai. Shi ya hana ni magana shina raye. Yanzu ba shi hanawa. Kai ad da alƙalami."

Da izininta da na 'ya'yansa nake faɗin abin da ke ciki.

'Yarsa Mas'uda, wadda ke aikin jinya a Sakkwato, ita ta gane abin da ke damun mahaifinta yana da suna: ciwon damuwa. Ciwo ne kamar sauran ciwo, sai dai a tunani yake zama, ya hana barci, ya hana ci, ya sa mutum ya ga mutuwarsa ta fi zamansa amfani. Hanyar Sakkwato kuwa ba ta biyuwa kowane mako. Sai ta haɗa shi da wata likitar wannan fanni da ke duba mutane ta intanet: kiran bidiyo na minti arba'in da biyar kowace Talata, sannan aikin gida da ake turo masa a waya. Sabis ɗin cikin gari ba ya ɗaukar hoto, sai a kan tudun nan ake kama na Nijar. Asirin tudun ke nan gaba ɗaya.

Da farko na yi dariya ni kaɗai. Magani ba ƙwaya, ba allura, ba ko jiƙo, sai hira da mace a cikin gilashi. Kakata ta goye ni da labaran mutanen da ke magana da murya a cikin rijiya, kuma a labaranta ba su ƙarewa lafiya. Amma da na buɗe littafi na farko, dariyar ta tsaya, domin aikin da na yi shekara talatin ina yi na gani a ciki. Kowane shafi an raba shi gida huɗu. Gida na farko, abin da ya faru. Na biyu, abin da zuciya ta raya masa. Na uku, shaida, mai goyon baya da mai rushewa. Na huɗu, hukuncin da ya fi kusa da adalci. Ashe likitar nan koya masa take yi ya gurfanar da tunaninsa, ya daina karɓar ƙara a matsayin hukunci.

Shafin farko jimla ɗaya ce a gida na biyu: "Ni na kashe Hussaini." Sauran gidajen fayau. Mako uku haka. A na huɗu ya rubuta a gidan shaida: "Na faɗa mishi abin da na gani. Mota fiye da goma ta bi hanyar kafin tasu. Ban riƙe bindiga ba." Rubutun ya karkace, ya huda takarda. A gidan hukunci ya sa: "Na ba da labari na gaskiya, wasu suka yi kisa. Yau na yarda da wanga kashi talatin cikin ɗari." Bayan wata biyu ya kai kashi saba'in. Bai taɓa rubuta ɗari ba, kuma wannan ya sa na gaskata littafin.

Aikin gidan kuwa ƙanana ne har sai ka ji kunya: ka yi wanka kafin hantsi, ka sauko da jakar magani ko ba za ka fita ba, ka duba dabba ɗaya a mako. Da haka ya tashi. Mu muna ganin ya koma aiki muna cewa addu'a ta ci, kuma ta ci, sai dai ba mu san ta wace ƙofa Allah ya amsa ba. A littafi na uku na ga har mutum biyu ya ja zuwa tudun, waɗanda suka dawo daga hannun mutanen daji ba sa iya barci. Ya ba su wayarsa, ya koma gefe inda ba zai ji ba. Ba za ni faɗi sunansu ba. Sun san kansu, kuma ɗayansu yana cikin sahu ukun.

Me ya hana shi faɗi? Ya rubuta dalilin. "In na ce likitar ƙwaƙwalwa nike gani, za a ce Fatihu ya taɓu. Wa za ya ba mahaukaci saniyarsa?" Ya ɗauka maganar infoma za ta mutu don kanta, tunda ba ta da tushe. Ya san cutar dabbobi, bai san tamu ba. Har sau ɗaya 'yan sa-kai suka tare shi a gindin tudun, suka bincike wayar, ba su ga komai ba sai lambar mace. Suka sake shi. Rabin gari ya ce budurwa ya yi a birni, rabi ya ce wayo ne.

Yanzu na zo inda nake ta kewayawa.

Cikin aikin gidan da aka ba shi akwai komawa ciyayya, sau biyu a mako. Ya dawo da kwanonsa wata Alhamis. Mutum biyu suka tuna suna da uzuri. Mako na gaba suka zama uku. Ni na zauna, kuma ya rubuta shi a gidan shaida: "Ba kowa ya guje ni ba. Baba Yari bai tashi ba." Sai wani ya zo ya raɗa mini cewa ana lura da masu zama da shi, kuma ƙofar gidana ce. Ina da jikoki a gidan. Na ce wa Fatihu likita ya hana ni gishiri, daga yau a ciki za ni riƙa cin nawa daban. Ciyayyar shekara ashirin da bakwai ta watse a kan wannan.

Babu likitan da ya hana ni gishiri. Har yau ina ci.

Ga abin da na tarar a shafin wannan rana. Abin da zuciya ta raya: "Baba Yari na guduna." Shaida: "Ya tsufa. Tsofaffi da yawa an hana su gishiri. Bai taɓa yi mini ƙarya ba." Hukunci: "Ban san abin da ke zuciyarsa ba, kuma ba ni da hujjar in yi mishi mugun zato."

Fatihu, a wannan shari'a ɗaya zuciyarka ce ta faɗi gaskiya, ka kore ta don ka kare ni. Ba laifin likitar ba ne. Na ga abin da ta ce maka, ka rubuta a ƙasa: in abin ya ci gaba da damun ka, ka je ka tambaye shi, ko mene ne amsar za ka iya ɗauka. Ka sa shi cikin jerin aiki: "Tambayar Baba Yari." Kiran Talata ya koma na wata-wata, daga baya ya ƙare, kai kana ci gaba da littafinka. Duk aikin da ka gama ka soke shi. Wannan kaɗai kake kwafewa daga shafi zuwa shafi, har littafi na huɗu.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, daga nan har Isa, in ya taɓa kai maganar gaba, ya kai wannan ma daidai inda ya kai waccan. Littattafan suna wurin Habi, mai unguwa ya gani, liman ya gani. Wanda kuma yake kwance yana kallon rufin ɗaki, ya sani abin yana da suna, yana da magani, kuma ba hauka ba ne.

Allah ya jiƙan Malam Fatihu, ya yalwata kabarinsa, ya haɗa shi da Hussaini a inda babu mai tare hanya. Tausayin da ya yi wa marasa baki, Allah ya mayar masa da ninkinsa. Allah ya ba Habi haƙurin rashi bayan haƙurin shiru, ya albarkaci Mas'uda da ƙannenta, ya saka wa likitar da ban san fuskarta ba. Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa da ta sa maƙwabci ke auna maƙwabci. Ni kuma ya yafe mini, in mai haƙƙin ya yafe.

Na ji maganar infoman nan a bakin mutane da yawa, na tasha da na masallaci. Wanda ya faɗa mini ita na ƙarshe ya same ni ne a ƙofar gida ranar Juma'a, kwana biyar kafin rasuwar. Ya gaishe ni, ya tambayi jikina da batun gishiri, ya zauna a bakin tabarma. Ya jima yana murza hularsa, sannan ya ce, "Baba, ko ka ji abin da mutane ka faɗi? Wai ni ka kai ma mutanen daji labari." Ya tsaya yana kallona.

Na ce, "Ban taɓa ji ba."

Ya ce, "To, madalla," ya sa hularsa ya tashi. A shafin ƙarshe na littafi na huɗu an soke aikin nan na tambayata da layi ɗaya, gidan hukunci kuwa babu komai a ciki.

Kai ne, Fatihu.