Ranar da Na Duba Ƙasa Na Manta da Sama

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa kafin na yarda in rubuta wannan labari. Karatuna bai wuce firamare ba, ga shi ni mutum ne mai tsoron kuskure. Amma abin da ya same mu a gindin wata ɗorawa, can wajen 'Yankuzo, ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

Mahaifina an haife shi ne a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Tsafe, wanda ya watse tun kafin a haife ni. Da tsufa ya kama shi a gidana na Damba, ƙafafu suka ƙi, sai ya riƙa maimaita buri guda: ya sake kwana a kufan garinsu ko sau ɗaya. Lokacin hanya lafiya lau take, ba kamar yanzu ba. Ƙanena direba ne, ya ce mota tasa ce, ni kuma aka bar mini zaɓen wurin kwana da haɗa kaya.

Kowa a gidanmu ya san halina. Ni ne mai komawa in taɓa kwaɗon ƙofa bayan na kulle da hannuna. Na haɗa tamfol, igiya, tabarmi, jarkokin ruwa, maganin Baba, garin kunu, da gidan sauro sabo fil. Ƙanena ya ga tulin kayan ya riƙe baki.

"Yaya, kwana za mu yi ko hijira? Sauron me a cikin wannan bazara?"

Na ce ya dai bar shi a ciki.

Kafin ranar tafiya na hau mashin ni kaɗai na je duba wuri. Na ƙi kwari saboda kada ruwan farko ya sauko daga dutse. Na ƙi kusa da tsaguwar duwatsu saboda maciji. Na ƙi inda na ga sawun shanu. Daga ƙarshe na sami wata babbar ɗorawa mai inuwa, ƙarƙashinta fes. Na durƙusa na juya duwatsu ɗaya bayan ɗaya don kunama, na bi ramuka da sanda, na duba gidan cinnaka. Akwai 'yan gidaje can nesa, na yi niyyar in je in gaida mai unguwa kamar yadda ake yi, sai na ji nauyin in dame su da rana tsaka. Na koma gida ina jin ban bar komai ba.

Mun isa wajen la'asar. Muka tallabo Baba muka zaunar da shi a tabarma, ya jingina da icen yana kallon dutsen, fuskarsa ta yi haske.

"Nan munka yi kiwon awaki," in ji shi. "Can kuwa rijiyarmu take."

Ƙanena ya matsar da mota can nesa ya dawo, ya jefa igiya kan wani reshe don ɗaura tamfol. Ya ɗaure, ni ban gamsu ba. Na ce ya ƙara ja, kada iska ta kwanto shi kan Baba. Ya ja. Na ce ya ƙara. Ya yi tsaki ya rataya da dukan ƙarfinsa, reshen ya girgiza, sai muka ji wani abu ya bugu a sama.

Sai a lokacin na ɗaga kai. Amya ce, irin wadda ake saƙawa da ciyawa a ɗora a bishiya don ƙudan zuma su zauna, ba ma ɗaya ba, jere suke cikin rassa. Wadda ke kan reshenmu ta karkace, ƙudan na fitowa kamar hayaƙi.

Ƙanena ya yi salati ya ruga mota yana kiran mu taho. Ni zan iya gudu. Baba ko miƙewa ba ya iyawa sai an ɗaga shi, motar kuma ta yi nisa. Na san harbin zuma da yawa yakan kashe mai ƙarfi, balle tsoho mai hawan jini. Allah ya sa gidan sauron nan yana hannuna, ina warware shi. Na faɗa kan Baba na lulluɓe mu da shi, na riƙa cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Kafin in gama sun same ni a wuya, a kunne, a fatar ido, a bayan hannu.

"Bar kaɗa hannu," Baba ya ce a hankali. "Tokare gidan sauron da kanka kada ya taɓa jiki. Zauna shiru."

Muka zauna, ƙudan sun yi baƙi a jikin ragar, ƙararsu ta cika mini kunne. Ina shafa fuskarsa da hannuwansa ina tambaya ko sun harbe shi. Ya ce ko ɗaya. Na sake tambaya. Sai na ji kafaɗarsa na rawa, na ɗauka ciwo ne ya tashi, ashe dariya yake.

"Ka duba kunama, ka duba maciji, ka duba cinnaka. Saman fa, wa ka bar ma?"

Ƙarar hon ɗin ƙanena ce ta jawo mai amyar, wani dattijo daga gidajen nan. Ya zo da damin kara yana hayaƙi, ya kewaya mu har ƙudan suka lafa, sannan ya taimaka muka kai Baba mota. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, da ka leƙo ka yi sallama, ai ko yaro zai hana ka wanga icce." Da suka gaisa da Baba, sai ga shi iyayensu maƙwabta ne a tsohon garin. Ya kai mu wani falalen dutse kusa da gidansa, ya shafa mini toka a inda aka harbe ni, iyalinsa suka aiko da tuwon dawa. Baba ya samu kwanan da yake so, da asuba ya yi salla yana fuskantar dutsensu. Ni idona ɗaya a kumbure, amma ban taɓa jin sanyi a rai irin na safiyar nan ba. Ƙanena kuwa bai ƙara yi wa kayana dariya ba.

Abin da na koya shi ne, duk yawan binciken baƙo, abin da ya saba tsoro kaɗai yake gani. Sallama ɗaya ga masu wuri ta fi yinin da na yi ina juya duwatsu.

Baba yana nan da ransa, kullum sai ya tambaye ni dattijon nan, ni kuma hanya ta hana ni komawa. Don Allah, in akwai mai karatu daga wajen 'Yankuzo da ya san mai amya a babbar ɗorawar gindin dutse, ya sanar da ni ko yana lafiya. Baba na son ya ji.