Kular da Tanki ya mayar a cike

Ranar da Tela ya fara kai wa mijin yayarsa abinci asibiti, santsi ya kwashe shi a matakala, romon kaza ya wanke masa wando. Haka ya shiga ɗakin yana ɗiga, mara lafiyan ya kau da kai don ƙamshin.

Tela bai taɓa ganin haka ba. Mutumin nan direban babbar mota ne, tun yana yaron mota ake ce masa Tanki saboda ci. Masu abincin bakin hanya da sun ji hon ɗinsa suke ƙara sanwa. Bai taɓa barin loma a kwano ba, kuma da wannan motar ya ilimantar da ɗansa har ya samu aiki a nesa.

Yanzu ciwon daji ya ci ƙarfinsa. Likita ta ce ba taurin kai ba ne. Cutar ta tayar da kumburi a jiki, tamkar wuta ce ke ci a ciki, ta kashe sha'awar abinci, tana kuma narkar da tsoka ko an ci. Cokali biyu, sai ya ji kamar ya haɗiyi dutse.

Yaya ba ta karɓi wannan bayani ba. In kula ta dawo a cike, sai ta zauna a kicin tana hawaye. Don haka surukan suka ƙulla: Tela ya cinye, Tanki ya sha yabo. Yaya ta ƙara hannu a girki. Wandon Tela ya fara matse shi, zoben Tanki kuwa ya fara zamewa daga yatsa.

Wata rana Tela ya shigo da fara'a.

"Yaya ta ce wa ɗanka ya yi zamansa sai hutu, tunda kana cin abinci."

Da Tela ya kai hannu zai buɗe kular, sai Tanki ya dafe murfin da busasshen hannunsa.

"Mayar mata yadda take. Ka ce ta kira yaron."

"Haba yallaɓai, kuka za ta yi."

"Gara ta yi ina da ran lallashinta. Kai kuma dubi tumbinka. Ni ke jinya, kai ke warkewa."