Irin Tonkan Kakata

Jiya barkono ya faɗa wa maƙwabciyata cikin wuta, hayaƙin ya tsallako katanga. Yarana suka watse suna tari da atishawa, ni kuwa na tsaya a tsakar gida ina shaƙa kamar an kunna mini turare. Ƙaurin nan ya mayar da ni wani ƙauye kusa da Kebbe, gidan kakata ta wajen uba, inda na tashi.

A can tonka muke ce wa barkono. Na kakata ƙanana ne jajaye, guda biyu sun isa su sa ƙato hawaye. Daga gidan mahaifiyarta a Fakku ta zo da irin, kowace damina tana dasa shi a bayan ɗaki. Idan ya nuna sai ta raba shi gida biyu. Na ci ya sha rana a tabarma, sannan ta juye a faifai ta ɗora a ragaya can sama da murhu, hayaƙi ya riƙa ratsa shi a hankali, ya shekara ƙwaro bai taɓa shi ba. Na iri kuwa ɗaya bayan ɗaya take zaɓa, su bushe a inuwar rumbu, daga nan sai cikin gora tare da toka. Ban taɓa ganin mai haƙurin aiki irin nata ba.

Abu ɗaya ke ba ni haushi da ita, yawan kyauta. Duk matar da ta yaba miyarta, sai ta ƙulle mata iri a tsumma. Ni kuwa, ba zan ɓoye muku ba, tun ina ƙarama akwai ni da rowa. Gani nake ana kwashe mana gado.

Ina da shekara goma aka yi rasuwa a Sanyinna, ta tafi ta'aziyya kwana uku. Ranar da ta tafi sai ga hadarin ƙarshen damina. Na kwashe shanya da gudu, na tabarma da na gindin rumbu, na haɗe su a faifai ɗaya. Da na ga sun ɗan jiƙe, sai na sassauto ragayar dab da wuta don su bushe da wuri. Kwana uku ina ta jin kaina, ina jiran yabo.

Da ta dawo, gindin rumbu ta fara dubawa, sannan ta shiga madafi. Ta fasa tonka ɗaya a tafin hannunta, 'ya'yan cikin duk sun soye.

“Ke ɗiyag ga, har na irin kinka sa ma wuta?” in ji ta. Ta zauna a kan turmi ta daɗe tana kallon hannunta. “Wanga kam ba shi tsirowa. Na innata na.”

Ba ta dake ni ba, kuma wallahi da dukan ya fi mini sauƙi.

Washegari ta kama hannuna muka shiga gari neman iri. Gidan farko sun daka nasu a yaji. Gida na biyu ɓera ya riga mu. A gida na uku, matar wanzami ta ji bayani, ta shiga ɗaki ta fito da gora tana kaɗawa.

“Ai naki na,” ta ce wa kakata. “Ajiya kinka ba ni.”

A hanyar dawowa kakata ta damƙa mini ƙullin irin da matar ta ba mu, ta ce ni zan riƙe. “Kin ga abin da yas sa nika ba mutane? Gorana guda na, shina iya fashewa.”

Yau a Tambuwal nake aure, ina da firiza. A ciki nake zuba tonkan ci, in aka ɗauke wuta ya yi laushi in ta mita ni kaɗai. Kakata ta daɗe da rasuwa, amma tonkanta na nan a bayan ɗakina, kuma irinsa gora da toka ne har gobe.

Da safen nan na ƙulla kaɗan a tsumma na kai wa maƙwabciyar nan tawa. Ta ce ita ba ta da filin shuka. Na ce ta nemi ko tsohon bokiti ne ta shuka, don wata rana ni ce zan zo roƙo.